Kalmar da Na Ja a Gasar Tele

Ku samarin da kuke taruwa a ƙofar shagona na Adjamé, kuna tura mini waya a fuska in saurari waƙoƙinku, saboda ku na zauna na rubuta wannan. Ran nan na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai tsohon nan mai gyaran lasifika ya taɓa fitowa a tele, ihu kawai ya yi aka san shi. Ban ji haushi ba. Ni ma da nake kamar ku haka na ɗauki sana'ar. Sunana Habibu, a tele Bibo ake ce mini. Karatuna bai yi nisa ba, kuma da Faransanci aka yi mini shi. Hausar da kuke karantawa yanzu sai da na girma na zauna na gyara ta, za ku ji dalili.

A Treichville, unguwar bakin ruwa a nan Abidjan, aka haife ni. Mahaifina Alhaji Tanimu Bakano ne, atamfa da shadda yake sayarwa a babbar kasuwa, a sama, kusa da matakala. Ni kaɗai Allah ya ba shi.

Aikin farko da aka ba ni a harkar kiɗa shi ne naɗe waya. Wanda ya ba ni shi Isufu ne, mutumin Tawa, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wanda wani matuƙin jirgi ya bar wa gita mai lantarki. Kawu nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa komai ba. Yana da wani ɗaki a bayan sito inda suke haɗuwa duk Lahadi bayan azahar, shi da mai ganguna da mai gitar ƙasa, wato gitar nan mai kaurin murya. Wata huɗu ina zuwa bai bar ni na taɓa mikiro ba, wato makirufon waƙa. In sun gama in naɗe wayoyi a hannu, zagaye ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa, don kada cikin wayar ya murɗe. In na yi ba daidai ba ya warware ta tsaf ya jefo mini. In goge tsirkiyar gita da ɗan man keken ɗinki, domin iskar bakin ruwa gishiri gare ta, kwana uku sai tsatsa. In tsirkiya ta tsinke babu sabuwa, mu je wurin mai gyaran keke mu warware wayar birki. Shi ya koya mini kada in taɓa tsayawa gaban mikiro ba takalmi. Ranar da na manta, leɓena ya taɓa ƙarfen, lantarki ya make ni na zauna daɓas a kan ganga. Isufu ko dariya bai yi ba, ya cire takalmin robarsa ya turo mini da ƙafa.

Murya kuwa a tashar jirgin fito ya koya mini ita. Mu shiga jirgi daga Treichville, ya zaunar da ni baya kusa da inji, shi ya tafi can gaba. Ya ce in yi waƙa har ya ji kalmomina, amma in ya sauko ya ga jijiyar wuyana ta tashi, sai mun koma jirgin mun sake. Mutane suna kallona kamar mahaukaci. Wata mai sayar da aceke, dambun rogon garin nan, ta taɓa miƙo mini ruwa ta ce Allah ya ba ni lafiya.

"Daga ciki," in ji Isufu, yana dukan tumbinsa. "Wuya hanya ce kawai. Wanda ya yi waƙa da wuya, shekara biyar ya gama."

Kiɗan da muke yi rok ake ce masa. Ana murɗa amfili, akwatin da ke ƙara wa gita ƙarfi, har sai muryar gita ta dishe, mawaƙi kuma ya hau kanta ba tare da ta danne shi ba. Mutanen Abidjan rawa suke so, ba su damu da mu ba. Mutanenmu kuma suka ce kiɗan aljanu ne. Masu kiranmu 'yan jirgi ne da suka sauka hutu, da ɗalibai in sun gama jarrabawa. Sau ɗaya wani ɗan kasuwa ya kira mu bikin sunan ɗansa a Adjamé don ya burge abokai. Isufu na kaɗa tsirkiya sau ɗaya jaririn ya tsandara kuka, kakarsa ta fito da muciya. Ni na ɗauki amfili a ka har bakin titi da gudu, mai ganguna ya bar sanda ɗaya a gidan, har yau tana can.

Da aka yi shelar gasar waƙa a tele, Isufu ne ya ce in je. Na gaya wa mahaifina a shago, yana auna wa wata mata yadi. Bai ɗago ba sai da ya yanke ya ninke. Ya ce in dai ba zan sha ba, ba zan bar salla ba, in je in gaji in dawo, almakashi na jirana.

Ku da kuke gani minti uku ne a kan dandamali, ba ku san sati guda ake yi ana sassaƙa minti ukun nan ba. Inda za ka tsaya an manna masa alama a ƙasa. Kyamarar da jar fitilarta ta kama ita za ka kalla. In ka matsa taki biyu gaban lasifika ta yi maka ƙara, alƙalai su yamutsa fuska. Mai horar da mu wata mata ce, Madam Akisi, ta san aikinta ƙwarai, kuma ba ta taɓa cutata ba, ina so a san wannan. Makonni ina rera waƙoƙin wasu da Faransanci, masu kallo suna turo saƙo ta waya suna zaɓena, har muka rage mu uku. A zagayen ƙarshe aka ce kowa ya kawo waƙar kansa, da yarensa, a kan wanda yake ƙauna, ya kuma zo da makaɗansa.

Na yi wa mahaifina. Na faɗi yadda ya shigo garin nan a bayan motar shanu da akwatin ƙarfe ɗaya, yadda ya yi tallar yadi a kafaɗa kafin ya sami rumfa. Amshin gajere ne, in kira shi Baba, sannan in ce ga ni na zo. Tsakanin kiran da sauran maganar akwai bugu huɗu na ganga da babu komai a ciki. Madam Akisi na jin haka ta tsayar da mu.

"Bibo, wannan filin ka bar wa wa? Nan ne za ka kama su. Ɗaga ƙarshen kalmar ka ja ta har bugu huɗun su cika."

Na gwada. Na ajiye gaɓar farko ƙasa, na ɗaga ta biyu na shimfiɗa ta. Masu shara a zauren suka tsaya da tsintsiya a hannu. Ban taɓa jin muryata haka ba. Gitar Isufu ce kawai ta yi shiru.

Da muka fito cin abinci ya ja ni gefe.

"Kai, ka san abin da ka ce?"

"Baba na ce."

"Ba Baba ka ce ba. Baba na mahaifi gajere ne, tsinke shi ake yi a maƙogwaro. In ka ja shi haka, baabaa ka ce. Namijin da ba ya iya kusantar iyali, shi ake kira haka."

Na yi dariya. Wallahi ban taɓa jin kalmar ba, mu da muka tashi a nan Hausarmu ta cefane ce da gaisuwa. Na ce ai mawaƙan gida ma suna jan kalma.

"Suna ja, amma sun san inda za su lanƙwasa ta kada ta faɗa rami. Kai miƙe ta ka yi sambal. Ga dabara, ka tsinke ta yadda take, ni in ɗauki jan da gita. Zai yi daɗi, na rantse maka."

Ya gwada mini a wurin, ba amfili. Ya yi daɗi kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma sai tafin ya zama na gita, ni kuma na riga na ɗanɗana. Na ce masa murya mutane suke zaɓa, ba waya ba. Na ƙara da cewa, "Haba Kawu, wa ke jin irin wannan tsohuwar Hausar a garin nan?"

Ya dube ni ya ce, "Babanka."

Ranar ƙarshe ya kaɗa mini, don ya riga ya yi alkawari. Kansa a sunkuye daga farko har ƙarshe. Na ja kalmar sau uku, a na ukun zauren duka ya miƙe yana ja tare da ni. Na ci gasar. Ana ta rungumata a bayan dandamali Isufu ya naɗe wayarsa da kansa, aikin da ya daɗe da bar mini, ya saɓa gitarsa ya ce Allah ya sanya alheri. Bai ƙara kaɗa mini ba.

Kashegari da hantsi na je kasuwa a yi mini barka. Tun daga matakala mata masu sayar da kaya suke guɗa. Rumfar da ke jikin tamu ta Alhaji Mudi ce, Bazazzagi, abokin wasan mahaifina, shekara da shekaru ba sa gaisawa sai da tsiya. Yana hango mu ya tafa hannu.

"Baabaa! To Bakano, yau kuma me za ka ce? Ɗanka da bakinsa, duk Kwaddibuwa ta shaida!"

Aka kwashe da dariya. Mahaifina ya ce, "Bawana, surutu na kawo ka yi ko shara? Ɗauko mini buta." Aka sake yin dariya. Amma na ga Alhaji Mudi ya dubi fuskarsa sosai, dariyar ta tsaya masa a baki. Ya tashi da kansa ya ɗauko butar, abin da bai taɓa yi ba. Daga ranar bai sake faɗin kalmar ba, har ya riƙa korar masu faɗa. Sai dai ta riga ta fita. 'Yan dako, yara 'yan makaranta, matan Jula masu sayen atamfa, duk wanda ya wuce sai ya ɗaga hannu ya ja masa ita yadda na ja. Su girmama shi suke yi, mahaifin tauraro. Ba zai iya yi musu faɗa ba, ba zai iya yi musu bayani ba. Masu jin Hausa kuwa, wasu su sunkuyar da kai, wasu su kau da fuska suna murmushi.

Mahaifiyata ce ta gaya mini sauran. Ta same ni ina guga a tsakar gida, ta zare wayar dutsen gugar daga bango.

"Habibu, ka san shekara nawa muka yi da aure kafin a same ka? Ka san da wane suna ake kiransa a bayan idonsa a lokacin? Wannan sunan. Da na haife ka ma ba su bar shi ba, sai da aka ce a dubi kunnuwanka a gani ko nasa ne. Da ƙyar maganar ta mutu. Kai ka tono ta, ka sa mata kiɗa."

Ga inda laifina yake, ku saurara da kyau. Na tele ana iya cewa ƙuruciya ce da zumuɗi. Amma sati biyu bayan wannan magana ta Inna aka kai ni ɗakin ɗaukar waƙa. Babu alƙali, babu agogo, ina da yini guda cur. Mai ɗaukar ya tambaye ni ko akwai abin da nake so a canza. Na ce babu. Na ja ta har ta fi ta tele tsawo. Na gaya wa kaina in na yanke, mutane za su ce ba ita ba ce.

Shekara shida ina yawo da ita. Bouaké, San-Pédro, Daloa, har ƙetare iyaka. Na koyi abubuwan da ba a koya a gasa. In kun isa gari ka fara neman inda za a ja wuta kafin ka nemi masauki. Ka gwada sauti wurin ba kowa, ka san cewa in mutane sun cika jikinsu zai shanye rabinsa. Ka ajiye waƙar da suka zo dominta sai ƙarshe, in ba haka ba suna ji za su watse. Tawa ita ce wannan. In na yi jinkiri su fara ja da kansu. Ba zan ɓoye muku ba, har yau ina kewar lokacin nan da mai ganguna zai haɗa sandunansa sau huɗu, amfili na gurnani a bayanka, ba ka buɗe baki ba tukuna amma ka san abin da zai faru. Wani lokaci ina gwada lasifikar wani a shago, gurnanin nan ya taso, sai in ga na tsaya da ƙarfen walda a hannu har ya huce. Na tuba daga abubuwa da yawa, amma wannan kewar ta ƙi fita.

A cikin shekarun nan waƙar ta shiga wayoyin mutane. Mahaifina yana zaune a rumfa, wayar mai ciniki ta yi ƙara, sai ya ji muryata tana kiransa da sunan. Da farko kujerarsa ya mayar ciki, bayan dilolin shadda. Daga baya ya daina zama majalisar bayan la'asar. A ƙarshe ya danƙa rumfar ga ɗan ƙanensa ya zauna a gida, alhali da sauran ƙarfinsa, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi fita kasuwa ba. Bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. In na gaishe shi ya amsa, ya tambaye ni ko ina salla. Ni ne bakina ya kasa. Na daina iya kiransa Baba a gabansa, na koma ce masa Alhaji kamar wani baƙo.

Sai shekarar da gari ya rikice ta zo. Aka rufe wuraren wasa, makaɗana kowa ya nufi garinsu. Da abubuwa suka lafa tele ta riga ta fitar da sababbin yara, masu kiranmu suka ragu. Na shiga karɓar kowane irin aiki, buɗe shago, taron 'yan ƙwallo, da lasifikoki marasa ƙarfi, ina cike giɓin da wuyana. Babu Isufu da zai dubi jijiyata. Wata rana da yamma a wani fili a Adjamé na zo jan kalmar, a bugu na biyu muryar ta tsage kamar tsohon yadi. Jama'a suka ƙarasa mini suna tafi, sun ɗauka da gangan na bar musu. Likita ya ce wani abu ya tsiro a maƙogwaron, in yi wata uku ban ɗaga murya ba. Na yi kwana tara na koma. Abin da ya rage mini shi ne wannan dasasshiyar da kuke ji in ina yi muku faɗa ku matsa daga ƙofa.

Gyaran amfili da lasifika da nake ci da shi yanzu, a ɗakin bayan siton nan na tsince shi, ina riƙe wa Isufu fitila. Na nemi Isufu a tashar jiragen ruwa aka ce ya koma Tawa tuntuni. Sau biyu ina ba direbobi saƙo, amsa ba ta zo ba. Wani ya ce ya gan shi yana kiwon awaki. Ban sani ba ko yana da gitar har yanzu.

Mahaifina ya rasu da damina, shekara uku ke nan. Watanni kaɗan kafin nan, wata Juma'a, na rufe shago da wuri na tafi Treichville. Na same shi bayan la'asar a kan tabarma a tsakar gida, idonsa ya riga ya yi rauni, yana jan carbi. Inna na bakin madafa tana tsince shinkafa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na daɗe ina shirya maganar da zan yi, da na zo duk ta gudu.

Na ce, "Alhaji, waƙar nan nake so in yi maka."

"Wacce?"

"Ka san ta."

"Na san ta kuwa," in ji shi. "Duk garin nan wa bai san ta ba."

Inna ta ajiye faranti. Na ɗauka zai ce in tashi. Ya gyara zama kawai ya ce, "Da wannan muryar taka ta ƙofar gareji?"

"Ita ta rage."

"To, bismilla."

Babu gita, babu ganga, da tafin hannu nake buga gwiwata. Na fara daga motar shanu. Da na zo kan akwatin ƙarfe ya ce ba ƙarfe ba ne, na katako ne, wa ya gaya mini ƙarfe? Na ce Inna. Inna ta ce ita ba ruwanta, ba ta nan lokacin. Na gyara na ce na katako, duk da bai zauna a kan kiɗan ba. Na bi ta tallar yadi a kafaɗa, na bi ta rumfa, har na iso amshi. Shekarun da na yi ina jan wurin sun sa maƙogwarona ya buɗe da kansa, sai da na dafe shi da hannu. Na ce Baba, na tsinke ta a inda take tsinkewa.

Filin bugu huɗun nan ya tsaya ba komai a cikinsa. Ina ƙirgawa a gwiwa, ɗaya, biyu. A na uku ya ce, "Na'am."

Na kasa kama bugu na huɗu. Hannuna ya tsaya a sama. Ya ɗan juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Ina jin ka, Habibu," ya ce. "Ci gaba."